Gidan da Ba Ya Rabuwa

Mahaifina magini ne, amma in ka shigo layinmu ka ce kana neman gidan magini, sai an nuna maka gidaje biyu ko uku kafin a tuna da namu. Sai dai ka ce Baba Katanga. Bai taɓa son sunan nan ba, bai kuma taɓa hana kowa kiransa da shi ba, don da shi aka ciyar da mu.

Da ƙuruciyarsa gidaje yake ginawa kamar kowa, daga tushe har rufi. Sai wani mai hali ya rasu, 'ya'yansa suka kai juna kotu, alƙali ya ce a raba gidan, aka shiga neman maginin da ba abokin kowa ba ne a cikinsu. Baba ba shi da surutu, ba shi da tarin abokai, sai aka ɗauke shi. Ya ja igiyarsa daidai inda ma'aikatan kotu suka sa alama, ya jera bulo, ko faɗin yatsa bai ci na wani ba. Daga ranar suka san hanyar gidanmu. Duk inda aka yi rasuwa aka bar gida ɗaya da 'ya'ya da yawa, ba a daɗewa sai ka ji ana sallama da Baba.

Ba aikin da ake gode wa mutum ba ne. Mai gina gida ana kai masa ruwan sanyi, ana zuwa kallo, ana sa masa albarka. Mai raba gida kuwa, wa yana zaune a wancan gefe, ƙane a wannan gefe, kowa ya zuba wa igiyar ido sai ka ce ɓarawo suka ritsa. Ya taɓa ratsa katanga ta tsakiyar falo, hoton mamacin ya faɗa gefe ɗaya, agogon bango ya faɗa ɗaya gefen. Ya taɓa raba madafi, murhu ya zama na wata, wurin wanke-wanke na 'yar'uwarta. Akwai bishiyar da igiya ta bi ta kanta, aka yi ta kai ruwa rana, a ƙarshe aka sare ta don kada wani ya sha inuwar wani. In ya dawo daga irin wannan aiki ba ya ba da labari. Zai kifa tsohon bokitin fenti ya zauna, ya tsoma ƙafafunsa a ruwan ɗumi, ya ce wa Gwaggo, "Yau ma na yi."

Gwaggo ƙanwarsa ce, uwa ɗaya uba ɗaya. Mahaifiyarmu ta rasu wajen haihuwar Auta, lokacin ina ƙarama, babban wanmu, wato Yaya, bai gama firamare ba. Gwaggo ta zo ta'aziyya. Aurenta ya mutu ba da daɗewa ba, ba ta haihu ba, sai ta ce za ta zauna wata ɗaya jaririn ya yi ƙwari. Watan nan har yau bai ƙare ba. Ita ta yi mana wanka, ita ta dake mu, ita ta je makaranta ta tsaya a gaban malamin da ya fasa wa Yaya baki har sai da ya ba da haƙuri. Masu neman aurenta sun zo. Ta ce sai Auta ya fara tafiya, ta ce sai Auta ya shiga makaranta, har suka gaji suka daina zuwa. Tun da muka fara kiran wanmu Yaya ta sakar mana sunan da take kiran nata wan da shi, ta koma kiran Baba da Baban yara, shi kuma yana ce mata Gwaggon yara.

Gidanmu da hannunsa ya gina shi, kaɗan-kaɗan, a ranakun da ba aiki. Kuma ya gina shi da gayya. Mutumin da ya san duk inda igiya take bi, ya zauna ya tsara gidan da igiya ba ta da wurin bi. Ƙofa ɗaya, mai siririn lungu. Ɗakuna a kewaye da 'yar tsakar gida, famfo ɗaya a tsakiyarta. Madafi ɗaya da banɗaki ɗaya, a maƙale da juna a kusurwa. Mitar wuta ɗaya. Bututun ruwa duk ya binne su ƙarƙashin daɓe ya kai su rami ɗaya, ya haɗe rufin ɗakunan ya zama guda. In ka yanka ta nan, wani ba shi da ƙofa. In ka yanka ta can, wani ba shi da inda zai kewaya.

Mun sha wahalar gidan nan, ba ƙarya. Da safe sai ka ga layi a bakin banɗaki, kowa da bokitinsa yana rawar ƙafa. Da Yaya ya yi aure ya fara tara yara, abin ya ƙara lalacewa. Na taɓa ce masa, "Baba, kai da kake gina wa mutane banɗaki, mu ka bar mu da ɗaya?"

Ya ce, "Layin nan shi ke sa ku gaisa da safe."

Shi ne abu ɗaya da na san Baba yana alfahari da shi. In baƙo ya zo, sai ya zagaya da shi tsakar gida, ya ce, "Duba da kyau. Ka nuna mini inda za ka sa katanga." Baƙo ya duba ya rasa, Baba ya yi murmushin da ba kasafai yake yi ba. A lissafinsa, in ya kwanta dama za mu duba hagu mu duba dama, mu ga ba yadda za mu yi da gidan, mu haƙura mu zauna tare, Gwaggo tana ɗakinta na kusurwa tana tsawata wa jikoki. Ni ma haka na ɗauka, har na yi aure na bar gidan ban taɓa tunanin akwai gyara a lissafin ba.

Akwai wani abu da yake yi a aikinsa wanda ban sani ba sai da na girma. Ranar na kai shi asibiti ne saboda gwiwoyinsa, muna zaune a benci muna jiran a kira mu, jiran ya yi tsawo har ya sa shi magana. Ya ce duk katangar da ya taɓa yi tsakanin 'yan'uwa, yana barin ƙofa a cikinta. Yakan zaɓi wuri ɗaya ya zuba linta a sama, wato kankaren da ake yi wa saman ƙofa, bulon da ke ƙarƙashi ba ya sarƙe su da sauran, ba ya cika musu ciki, simintinsu kuma yashi ya fi yawa. In an yi filasta ba mai gani. Amma in ka bi katangar kana ƙwanƙwasawa, ko'ina za ka ji ta a cushe, sai wurin nan za ka ji ya amsa kamar tulun da ba ruwa. Guduma kaɗan ta isa, ƙofa ta fito. Ranar da zai kwashe kayansa yakan ja kowanne gefe ya ce masa, "In kun huce ku aiko, akwai ƙofa."

Na ce, "An taɓa aikowa?"

Ya ce, "Sau ɗaya."

"Ka je ka buɗe?"

"Cewa ya yi in zo in cike ta."

Aikin ƙarshe da aka kira shi bai ma kai ga kwaɓa siminti ba. Wani ɗan siririn gida ne a bayan tasha. Ma'aikatan kotu suka auna ta tsaye, suka auna ta kwance, suka kira Baba suka tambaye shi ko yana ganin hanya. Ya duba ya ce babu, gidan nan ba ya rabuwa. Ya ce mini da ya faɗi haka har wani sanyi ya ji a ransa, yana ganin yau dai an rasa yadda za a yi. Sai babban ma'aikatan ya naɗe abin awonsa ya ce, "To shi ke nan, sayarwa za a yi a raba kuɗin." Ya faɗe shi kamar mai cewa za a yi ruwa. A bakin ƙofa akwai wata tsohuwa zaune a kan kujera 'yar tsugunno tana tsince shinkafa a faranti, ba wanda ya ce mata komai, ita ma ba ta tambaya ba. Baba ya tambayi maƙwabci ko wace ce, aka ce 'yar'uwar mamacin ce.

Ka ga mutumin da ya ƙare rayuwarsa a bakin kotu, amma bai taɓa sanin wannan ba. Gidajen da suke rabuwa kawai ake kiransa. Waɗanda ba sa rabuwa ba sa buƙatar magini, dillali suke buƙata, don haka bai taɓa ganin ƙarshensu ba.

Washegari ya aiko a kira ni, ya ce in raka shi wurin lauya. Lauyan ɗan wani gida ne da Baba ya taɓa rabawa, ofishinsa yana saman shagon taya, matakalarsa a tsaye. Sai da muka huta sau biyu kafin mu kai. Baba ya zana masa gidan a bayan wani ambulan, ɗaki-ɗaki, har da inda bututu suka bi. Lauya ya daɗe yana kallo.

Ya ce, "Baba, aiki ya yi kyau. Amma gidan da ba ya rabuwa ba barinsa ake yi ba. Mutum ɗaya cikin magada ya ce yana son kasonsa, an gama, sai kasuwa."

"Ƙanwata fa?"

"Tana da takarda a kan gidan?"

"Ta fi shekara talatin a ciki."

"Na sani, Baba. Shekaru ba takarda ba ne. Kana da 'ya'ya maza, ita ba ta cikin rabon."

Baba ya ce to zai yi mata wasiyya. Lauya ya ce zai iya, amma in an sayar da gidan kuɗi za a damƙa mata, ba ɗaki ba, kuɗi kuma a hannun tsohuwa mai biyan haya ba ya daɗewa. Ya ce in ɗaki yake so ta samu, ya ba ta yanzu, da ransa da hankalinsa, gaban shaidu. Kuma ya zama abin da za a nuna da yatsa a ce daga nan zuwa nan nata ne: ƙofarta daban, ruwanta daban, makulli a hannunta.

Baba ya yi wata 'yar dariya da ba ta da daɗin ji, ya ce, "Wato katanga."

Lauya ya ce, "Kai ka fi ni sanin sunanta."

Ba zan ce Yaya mugu ne ba. Kayan gyaran mota yake sayarwa a shagon haya, yana da yara cike da ɗaki biyu, kuma layinmu ya riga ya koma kasuwa, gidajen maƙwabta duk an fasa musu gaba an yi shaguna. Dillalai sukan tsaya su gaishe shi gaisuwar da ta fi ƙarfin sanayya. Bai taɓa cewa komai ba, amma idonsa yakan bi faɗin gaban gidan yana aunawa. Da Baba ya tara mu ya faɗi abin da zai yi, ran Yaya ya ɓaci ƙwarai, kuma ɓacin ran gaskiya ne.

Ya ce, "Baba, kana nufin mu ne za mu kori Gwaggo?"

"Ban ce ba."

"To me ka ce?"

"Na ce zan yi gini."

"Kana raye kana raba gado, mutane su ce me? Matar da ta rene ni?"

Baba yana murza gwiwarsa, bai ɗago ba. Ya ce, "Duk gidan da na shiga, ban taɓa samun wanda ya ce shi ne ya so a raba ba. Kowa cewa yake yi ɗan'uwansa ne."

Auta yana aiki a wani gari mai nisa, ta waya ya ce duk abin da Baba ya ga ya dace. Ni kuwa ban san gefen da zan tsaya ba. Wadda ta ƙeƙasa ƙasa ita ce Gwaggo. Sai da yara suka watse ta fito ta tsaya a kansa da tsintsiya a hannu.

"Baban yara, ni za ka yi wa katanga?"

"Ba ke zan yi wa ba. Don ke zan yi."

"Duk ɗaya ne. Bulo bai san don wa aka ɗora shi ba. In na ji yaro ya faɗi a tsakar gida, sai na fita titi na zagayo kafin in ɗaga shi?"

"Sai kin zagayo."

"Ni ban roƙe ka gida ba."

"Ba ki taɓa roƙona komai ba. Shi ya sa ba ki da komai."

Ta yi kwanaki ba ta yi masa magana ba. Abincinsa dai tana ajiye masa a inda ta saba, a rufe. Ranar da shaidu suka zo ta dangwala yatsa a takarda ba tare da ta kalli kowa ba, ta goge tawadar a gefen zaninta, ta koma ɗaki.

Na ga Baba yana aiki sau da yawa, ban taɓa ganin aikin da ya ci shi irin wannan ba. Gidan ya ƙi shi, don shi ya koya masa ƙi. Sai da ya fasa daɓen da ya yi shekaru yana gogewa, ya tono bututun da ya binne da niyyar kada a taɓa ganinsu, ya ja wa Gwaggo nata ruwan. Ya mayar da tagarta ta baya ƙofa, ta buɗe a lungun da ake ajiye baro da tsoffin tayoyi. Ya gina mata ɗan banɗaki, ya yanka mata tsakar gida kamar faɗin tabarma biyu, ya hau sama da gwiwoyin nan ya raba kwanon rufi. Ya ɗauki lebura mai kwaɓa masa siminti, amma bulo bai bari kowa ya ɗora ko ɗaya ba. Zai jera kaɗan ya zauna a kan bokitinsa yana haki, ya tashi ya ƙara. Aikin da da yake gamawa a mako guda ya kai shi har damina ta kusa. Maƙwabta suna wucewa suna leƙe, wani har ya ce, "Baba Katanga, yau a gida ake yi?" Ya ce, "A gida ake yi."

Da katangar ta kai kafaɗa, jikoki suna ɗage su miƙa wa Gwaggo kofi ta sama, tana miƙo musu alewa. Da ta wuce kai, aka daina. Da farko suna zagayawa ta titi su bi lungu su je wurinta, a guje, kamar wasa. Daga baya wasan ya tsufa. Ita ce ta koma zagayowa, a hankali, tana dafa bango, ta zo ta yi sallama a ƙofar gidan da ta yi shekaru tana sharewa. Wannan sallamar tana ƙona mini rai har yau.

Baba bai ƙara karɓar aiki ba. Ya wanke cokalin gininsa ya rataye, ya naɗe igiyar ya jefa saman kabad. Yawancin yini yana zaune a gindin katangar ta gefenmu, ita kuma tana zaune ta nata gefen, suna hira sama-sama ba sa ganin juna. Za ka ji ta ce, "Ka sha maganin?" ya ce, "Na sha," ta ce, "Ƙarya kake yi." Bai cika shekara biyu ba bayan nan ya rasu, ba tare da doguwar jinya ba.

Da 'yan ta'aziyya suka ragu, na lura ƙafafun Gwaggo sun kumbura saboda zagayen da take yi safe da yamma. Sai na tuna da hirarmu ta asibiti, na ji wani sauƙi ya sauko mini, irin wanda ban ji ba tun ranar rasuwar. Na ce a raina, ai akwai ƙofa. Mutumin da ya bar wa baƙi ƙofa, waɗanda ko ruwa ba su ba shi ba, ba zai hana ƙanwarsa ba. Zan nemo wurin, in sa a kawo guduma, kafin la'asar Gwaggo ta tako tsakar gida ba tare da ta ga titi ba.

Na zagaya gefenta, na ɗauki ludayin ƙarfe a kwandon kwanukanta, na fara daga bakin banɗaki. Ina ƙwanƙwasawa ina matsawa, ina kasa kunne. A cushe. Na matsa, a cushe. Na kai ƙarshe na dawo, na bi ta ƙasa, na bi ta sama iya inda hannuna ya kai. Ko'ina amsa ɗaya take ba ni, kamar ina dukan dutse. Gwaggo tana zaune a bakin ƙofarta tana kallona, carbi a hannu.

Ta ce, "Ajiye mini ludayi kada ki lanƙwasa shi. Babu."

"Gwaggo, kin san abin da nake nema?"

"Ni da na wanke masa kayan aiki tun ba ki yi wayo ba? Na sani. Tun yana ɗora layin farko na tambaye shi. Na ga yana cika wa kowane bulo ciki, yana danna kankare da sanda, na ce Baban yara, ina tawa ƙofar?"

"Me ya ce?"

"Ya ce ƙofar nan ta 'yan'uwa ce. Ya ce wanda zai zauna a wancan gefen ba ɗan'uwana ba ne, kuma ba ya so ya bar masa wurin da guduma za ta shiga."

Na tsaya da ludayi a hannu. A lokacin ba wanda ya furta maganar sayarwa, ko da wasa. Raina ya ɓaci da Baba, na ji ya yanke mana hukunci tun ba mu yi laifi ba, na tafi gida ina ta mita a hanya.

Kafin shekara ta zagayo wanda ya ba Yaya hayar shago ya ce zai karɓi wurinsa. Auta ya ce yana so ya yi aure. Ni ma mijina ya kwanta asibiti. Ba a yi faɗa ba, ba wanda ya ɗaga murya, ba wanda ya je kotu. Kowa dai ya ce ba don shi ba ne, don 'yan'uwansa ne. Muka hau matakalar nan ta saman shagon taya, muka sa hannu a takardar sayar da gidan ɗaya bayan ɗaya.

Wanda ya saya ya rushe komai ya yi ɗakin ajiyar kaya. Ya aiko har sau biyu yana taya kusurwar Gwaggo, ta ce a gaya masa ba ta jin kira. Masu rusau sun gaya wa Yaya cewa da suka zo jikin katangar sai da suka canja bakin guduma, daga baya suka haƙura suka jingina nasu ginin da ita.

Duk ƙarshen mako nakan je. In bi lungu, in wuce baro da tsoffin tayoyi, in yi sallama. Nakan same ta a gindin katangar, a kan tsohon bokitin fentin nan da ta ce a bar mata, ta jingina bayanta da bulo. Ta ɗaya gefen ana jin ƙarar buhuna da muryoyin mutanen da ba mu sani ba. Takan ce, "Kin zagayo?" In ce na zagayo. Ta ciro makulli daga bakin zaninta ta miƙo mini, ta ce in buɗe ɗaki in ɗauko wa kaina kujera.